Tsohon Rauni Mai Kwanton Ɓauna A Cikin Ƙirji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ragon Layya sa'ad da ake feɗe shi, ya ga abin da za mu yi magana a kansa a wannan wata, ko da kuwa bai kula da shi ba. Bayan an tsaga ciki an fitar da tumbi da hanji, ba a kaiwa ga huhu da zuciya sai an sa wuƙa an yanke wani faffaɗan tantani mai jan nama a gefe da fari a tsakiya, wanda ya manne wa haƙarƙari ta kowane ɓangare. Wannan tantani shi ne shamakin da Allah ya sanya tsakanin ƙirji da ciki. Ɗan Adam ma yana da irinsa. Likitoci suna kiransa dayafiram, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa shamakin ciki don sauƙin magana.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, wannan shamaki yakan yage ko ya huje idan mutum ya yi haɗarin mota, ko ya faɗo daga bisa, ko aka soke shi da wuƙa, kuma sau da yawa ba a gane hakan a ranar. Sai a ɗinke raunin waje, a ɗaure karaya, a sallami mutum ya koma gida ana yi masa barka da arziki, alhali kuwa ya tafi da ƙofa a buɗe a cikin jikinsa. Bayan wata shida, ko shekara uku, ko ma shekara ashirin, sai kayan ciki su bi ta wannan ƙofa su hau ƙirji su maƙale. A lokacin kowa ya manta da haɗarin, har shi mai ciwon, saboda haka ba wanda zai tuna ya gaya wa likita. Mutanenmu na zango kuwa, in aka dubi irin sana'o'in da suke ci da su, suna cikin waɗanda wannan al'amari ya fi shafa.

A makaranta mukan nuna wa yara aikin shamakin da kwalbar roba da balan-balan. Sai a yanke gindin kwalbar a rufe shi da fatar balan-balan, a rataya wata balan-balan ɗin a ciki ta bakin kwalbar. In aka ja fatar gindi ƙasa, sai ta ciki ta kumbura. In aka sake ta, sai ta sace. To haka numfashinmu yake. Shamakin yana nan kamar ƙwaryar da aka kife, in ya takura sai ya sauko ƙasa, ƙirji ya sami fili, iska ta shiga huhu. In ya saki sai ya koma sama, iska ta fita. Yana yin haka wajen sau 20,000 a kwana ɗaya, ko muna barci ko muna farke, tun ranar haihuwa har ranar da rai ya yi halinsa. Shaƙuwa ma ba wani abu ba ce illa fizgar da wannan shamaki ke yi ba zato.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne tsawon da ƙwaryar nan take kaiwa. Mun saba ɗauka cewa ciki yana farawa ne daga inda haƙarƙari suka ƙare. Ba haka ba ne. Idan mutum ya fitar da numfashi, ƙololuwar shamakin takan hau har daidai kan nono ta gaba, ta baya kuma kusa da ƙarshen allon kafaɗa. Watau saifa da hanta da wani sashe na tumbi suna ɓoye ne a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙasa. Don haka duk raunin da ya huda jiki tsakanin kan nono da ƙarshen haƙarƙari, ta gaba ne ko ta kwiɓi ko ta baya, yana iya taɓa shamakin, komai ƙanƙantar bakin raunin a ido.

Hanya biyu ce shamakin ke samun rauni. Ta farko ita ce ta duka mai ƙarfi wanda bai huda fata ba. Idan sitiyari ya danne cikin direba, ko babur ya yar da mutum ya faɗa a kan dutse, ko katanga ta rufta wa magini, ko ramin haƙar zinariya ya zubo wa mai haƙa, sai kayan ciki su matsu farat ɗaya su rasa wurin zuwa, sai su tunkuɗi shamakin har ya fashe kamar ganga. Irin wannan yagewa takan yi girma, wani lokaci ta haura santimita 10. Motar da aka doka ta gefe ta fi haddasa ta fiye da wadda aka yi gaba da gaba da ita. An kuma fi samunta a hagu, kamar biyu cikin uku ko fiye da haka, domin a dama hanta tana zaune a ƙarƙashin shamakin kamar matashi tana shanye ƙarfin dukan.

Ba sai mun gaya wa kowa halin da hanyoyinmu suke ciki ba. A shekarar 2021 kaɗai, waɗanda suka rasu a haɗarin hanya a nan Gana sun haura 2,900, waɗanda suka ji rauni kuwa sun fi 15,000. Jama'a ba su manta da haɗarin da aka yi kusa da Kintampo a watan Fabrairu na 2016 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasa rayukansu, ko wanda aka sake yi a wannan yanki a watan Maris na 2019. In irin wannan ta faru, matattu ake ƙirgawa, a yi addu'a, a watse. Zancenmu a yau a kan waɗanda suka tashi ne suka karkaɗe riga. Wa ke kan hanyar Kumasi zuwa Tamale da Bolga dare da rana? Direbobinmu ne da yaran mota, da fataken shanu da na goro da na albasa, da iyayenmu mata masu zuwa sarin doya da tumatir. Ga kuma samarinmu masu aikin babur da keke mai ƙafa uku a Nima da Ashaiman da Aboabo.

Hanya ta biyu ita ce ta suka, ko da wuƙa, ko da fasasshiyar kwalba, ko harsashi, ko ƙahon sa. Wanda ya san kasuwar shanu ta Tulaku ko mayankar Kumasi ya san cewa ƙaho da wuƙa abokan aikin yau da kullum ne a can. Ramin da suka ke bari ƙarami ne, sau da yawa bai wuce santimita 1 ko 2 ba. Mai karatu zai ce ai wannan da sauƙi. To a nan ne gizo ke saƙa, domin ƙaramin ramin ya fi babban haɗari. Babban rami yakan bar tumbi ya hau ƙirji nan da nan, a gani a hoto, a yi aiki. Ƙarami kuwa ba ya nuna kansa a farko, kuma ranar da hanji ya kutsa ta cikinsa, bakin ramin ne zai shaƙe shi kamar zarge.

Me ya sa ba ya warkewa da kansa kamar sauran raunuka? Wanda ya yanke a yatsa yakan ɗaure ya daina motsa shi har nama ya haɗe. Shamakin ciki ba shi da wannan hutu, don in ya tsaya numfashi ya tsaya. Bayan haka kuma, ciki kullum turawa yake yi, ƙirji kuwa zuƙa yake yi da kowane numfashi, sai ya zama ramin yana tsakanin mai turi da mai ja. Akwai wani kitse mai kama da mayafi da ke lulluɓe da hanji, wanda mahauta suka sani sarai. Shi ne yakan fara shiga ramin ya toshe shi. Toshewar nan tana hana ramin bayyana, tana kuma hana bakinsa haɗuwa. Sannu a hankali kitsen ya janyo babban hanji, ko tumbi, ko saifa, su bi bayansa, ramin kuma yana ƙara faɗi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarar 1579 wani shahararren likitan fiɗa na ƙasar Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarin wani hafsan sojan igwa da aka harba a ƙirji. Raunin waje ya warke, mutumin ya ci gaba da harkokinsa, sai dai yana fama da ciwon ciki. Bayan wata takwas ya mutu. Da aka buɗe gawarsa sai aka tarar da babban hanjinsa a cikin ƙirji, ya bi ta wani rami da bai fi kan yatsa ba. Daga nan sai da aka yi kusan shekara ɗari uku likitoci ba sa ganin wannan cuta sai a jikin gawa. A 1853 ne wani likita a birnin Boston na Amurka, Henry Bowditch, ya tattara alamomin da za a gane ta da su tun mutum yana da rai, ciki har da jin ƙugin hanji a ƙirji da kuma gocewar zuciya daga mazauninta. A 1886 wani likita mai suna Riolfi ya ɗinke shamakin wani da aka soka da wuƙa, mutumin kuma ya rayu.

Dalilin Da Ya Sa Yake Kuɓuce Wa Likita

Kada mai karatu ya yi saurin cewa sakacin ma'aikatan asibiti ne. Ko a manyan asibitocin Turai da Amurka wannan rauni yana kuɓucewa. Wanda aka kawo daga wurin haɗari yawanci ba rauni ɗaya ke gare shi ba. Ga karayar cinya, ga fashewar kai, ga jini yana zuba a ciki, dole likita ya fara da abin da zai kashe mutum a cikin sa'a guda. Hoton ƙirji na farko kuma, a wajen kusan rabin masu wannan rauni, ba ya nuna wani abu tabbatacce, ko dai ya fito lafiya lau, ko kuma jini da ƙujewar huhu su rufe wurin. Hoton ba ya nuna ramin kansa, abin da yake nunawa shi ne kayan cikin da suka hau, in kuwa ba su riga sun hau ba, ba abin da za a gani. Haka nan idan aka ɗora majiyyaci a kan na'urar taimakon numfashi, iskar da take hurawa cikin huhu tana danne kayan ciki a mazauninsu, sai an cire shi daga na'urar bayan kwanaki sannan su fara hawa.

Na'urar hoto ta siti-sikan ta fi hoton ƙirji gani nesa ba kusa ba, musamman ga babbar yagewa, amma ita ma ƙaramin ramin wuƙa yakan wuce ta. Wasu likitoci a birnin Los Anjalas sun wallafa wani bincike a 1998 a kan mutum 110 da aka soka ko aka harba a ƙasan ƙirji ta hagu, waɗanda ba su nuna wata alamar da za ta sa a buɗe cikinsu ba. Da aka zura musu siririn madubi ta ƙaramar kafa a ciki aka leƙa, sai aka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu shamakinsa a huje yake. Wannan ya sa a yau likitocin fiɗa da yawa suke ganin cewa wanda aka soka a wannan gurbi ta hagu ya kamata a leƙa cikinsa da madubin, ko da yana zaune yana hira. Mu tambayi kanmu, cikin samarinmu da aka taɓa soka a wajen rigima, nawa ne aka yi wa haka? Yawanci ɗinki uku ko huɗu ne a fata, da allurar tetanus, a ce Allah ya kiyaye gaba.

A 1974 wani likitan Amurka mai suna Grimes ya kasa tafiyar wannan cuta gida uku, har yau kuma ana amfani da rabon nasa. Akwai lokacin raunin kansa, akwai lokacin kwanto, akwai kuma lokacin toshewa. Na tsakiyar ne ya fi dacewa mu daɗe a kansa, domin a cikinsa ne ake da damar ceton mutum cikin sauƙi, a cikinsa ne kuma muke ɓata lokaci.

A lokacin kwanto wani ba ya jin komai sam. Wani kuwa yakan ji abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, suna zuwa suna tafiya. Ya ci tuwo kaɗan ya ji ya cika. Bayan cin abinci ya ji nauyi ko zafi a ƙasan ƙirji ta hagu, numfashinsa ya yi gajere, in ya yi gyatsa ko amai sai ya ji sakayau. In ya kwanta rigingine abin ya ƙaru, in ya tashi zaune ya ragu, har ya koma barci a jingine. Wani yakan ji ƙugi irin na ciki amma a ƙirjinsa, matarsa ma ta ji in dare ya yi shiru. Wani kuma kafaɗar hagu ce ke masa ciwo ba tare da ya bugu a wurin ba. Dalilin wannan shi ne, jijiyar da ke sarrafa shamakin daga wuya ta taso, daga gurbi ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa, don haka in shamakin ya damu sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce. Akwai mai tari marar jin magani, akwai mai yawan kumburin ciki da taurin bayan gida, akwai wanda da can yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai amma yanzu hawan bene ɗaya ke sa shi haki.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi tana da cutar da aka fi saninta da ita, a nan ne ɓatan yake. Zafin ƙirji bayan abinci, kowa zai ce gyambon ciki ne, sai a nufi kantin magani a sayo farin ruwan nan na olsa a yi ta sha shekara da shekaru. Tari da rama da inuwa a hoton huhu, a ƙasa irin tamu, tarin fuka za a fara zato, kuma ba laifi ba ne a yi zaton haka, sai dai mutum yana iya shan magani wata shida alhali gwajin majinarsa bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba. Haki sai a ce asma ce ko ciwon zuciya. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mu kuma a gida sai mu ce jifa ne ko iska, musamman da yake ciwon yana tashi ya kwanta, ga kuma ƙugi a inda bai kamata ba. Ba mu hana kowa addu'a da rubutu ba, mu ma muna yi. Amma rami a cikin nama allura da zare yake bukata.

Akwai wani kuskure da ya fi duk waɗannan muni. Tumbin da ya hau ƙirji ya cika da iska da ruwa yakan yi kama, a hoto, da huhun da ya sace ko ruwan da ya taru a ƙirji. Maganin waɗannan biyun shi ne a huda tsakanin haƙarƙari a zura bututu a zuƙe. In kuwa tumbi ne ko hanji ke wurin, bututun zai huda shi, ƙazanta ta malale a ƙirji. Littattafan likitanci sun kawo irin wannan labari ba sau ɗaya ba. Likitan da aka gaya wa cewa mutumin nan ya taɓa yin haɗari ko an taɓa sukarsa zai dakata ya sake dubawa kafin ya huda.

Ranar Da Ya Tashi

Lokaci na uku ba ya sallama. Hanji ko tumbi ya kutsa ramin ya kasa komowa, bakin ramin ya matse shi, abinci ya daina wucewa, jini ma ya daina isa wurin. Sai matsanancin ciwo a saman ciki ko ƙirji, da amai ba ƙaƙƙautawa ko yunƙurin amai ba abin da ke fita, ba bayan gida ba iska, numfashi yana sarƙewa, gumi yana karyowa. Naman da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i, ya ruɓe ya fashe a cikin ƙirji. Wani lokaci kuma tumbin ne zai yi ta kumbura har ya danne huhu ya ture zuciya gefe, jini ya kasa komowa gare ta. Aikin da in an yi shi a lokacin kwanto yawancin mutane ke tashi lafiya, a wannan mataki ya zama na ceton rai, sai an yanke ruɓaɓɓen hanji an wanke ƙirji, masu mutuwa kuma suna ninkawa sau da yawa.

Abin da yakan tayar da shi shi ne duk abin da ke matsa ciki. Ɗaga kaya mai nauyi, tari mai ƙarfi, yunƙuri a bayan gida, ƙaramar faɗuwa, ko cika ciki lokaci ɗaya kamar yadda wasunmu ke yi da buɗa baki. Amma babbansu shi ne juna biyu. Yarinyar da mota ta taɓa bugewa tana 'yar makaranta, ko ta faɗo daga kan babur, aka yi jinya ta warke, ta girma aka yi mata aure, sai ciki ya tsufa mahaifa ta turo kayan ciki sama, ko kuma yunƙurin naƙuda ya ƙarasa aikin. Amai da haki da zafin ƙirji kuwa kowa ya san su da mai ciki, ba wanda zai kawo komai a ransa. A nan rai biyu ne a kan siraɗi. Muna roƙon iyaye mata da ungozomomi, duk yarinyar da ta taɓa samun mummunan bugu a ƙirji ko ciki, a faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko, a sa su rubuta a katinta.

Magani ɗaya ne, shi ne tiyata. Ba ƙwaya, ba ɗauri, ba tsimi. Likita zai komar da kayan ciki mazauninsu ya ɗinke ramin da zare mai ƙarfi wanda ba ya narkewa, in ramin ya yi faɗi ya sa masa wata raga ta musamman kamar faci. Sabon rauni ta ciki aka fi bi, don a duba saifa da hanta da hanji gaba ɗaya. Tsoho kuwa wani lokaci ta ƙirji ake shiga, saboda hanjin da ya daɗe a can yakan manne wa huhu sai an ɓanɓare shi a hankali. Inda akwai kayan aiki ana yi da madubi ta ƙananan kafofi. Ba sai an fita waje ba. Manyan asibitocin koyarwa na Korle Bu a Akra, da Komfo Anokye a Kumasi, da na Tamale, duk suna da likitocin fiɗa, a Korle Bu kuma akwai cibiyar aikin zuciya da ƙirji ta ƙasa wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa.

To ina namu laifin? Na farko, in an yi haɗari aka ga karaya, da yawanmu sai mu ɗauke majiyyaci daga asibiti mu kai wa mai ɗori tun ba a gama bincike ba. Masu ɗorinmu suna da gwanintarsu a kan ƙashi, amma hannunsu ba ya kaiwa bayan haƙarƙari, kuma wanda dukan da ya sha ya isa ya karya masa haƙarƙarin ƙasa ko ƙugu, ya isa ya yaga masa shamaki. Hoton da aka so a sake ɗauka bayan kwana biyu ko mako guda, wanda sau da yawa shi ke tona asirin raunin, shi ke nan ba za a ɗauka ba.

Na biyu ya fi wuyar faɗa. Saurayin da aka soka a faɗan unguwa, ko a rigimar siyasa ko ta filin ƙwallo, ba ya son zuwa asibiti don gudun tambayar 'yan sanda, iyayensa ma ba sa son a ji. Sai a kira wani a ɗaki ya wanke ya ɗinke. Shekara goma bayan haka ya zama magidanci mai mutunci, wataƙila har ya je Makka, likita ya ga tabo a kwiɓinsa ya tambaya, sai ya ce ƙarfe ne ya yanke shi yana yaro. Kunyarsa muna ganewa. Sai dai likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya hana shi fallasa sirrin majiyyaci. Abin da yake son sani shi ne me ya shiga, ta ina, kuma yaya zurfinsa.

Sai kuma matsalar harshe, wadda mu mazauna zango muka fi kowa saninta. Dattijo ya je asibiti ba ya jin Turanci, Tuwi ɗinsa na ciniki ne kawai, sai jikansa ɗan shekara goma sha biyu ya zama tafinta. Likita ya tambaya ko ya taɓa yin wata rashin lafiya, yaro ya juya, dattijo ya ce a'a, don a wurinsa haɗarin lori ba rashin lafiya ba ne, ƙaddara ce da ta wuce, yaron kuwa ba a ma haife shi ba lokacin. Ga layi a waje, likita yana da minti biyar. Mun kuma saba da ladabin cewa ba a faɗa wa babba abin da bai tambaya ba. A ɗakin likita wannan ladabi ba shi da amfani. A tafi da babban mutum wanda ya san tarihin mai ciwon, a faɗa tun kafin a tambaya, a ce shekara kaza mota ta kife da shi, haƙarƙarinsa na hagu sun karye, ko an soke shi a nan, a ɗaga riga a nuna tabon. In an yi haka ba laifi a tambayi likita kai tsaye ko ya duba shamakin.

Kada kuma wannan bayani ya sa duk wanda ya taɓa faɗuwa a babur ya hana kansa barci. Raunin ba shi da yawa. Cikin mutum ɗari da aka kwantar saboda haɗari, 'yan ƙalilan ne ke da shi, kuma yawancin masu zafin ƙirji gyambon cikin ne dai ke damunsu. Wanda muke nufi shi ne mai abu biyu a haɗe, watau tsohon bugu mai tsanani ko suka a ƙasan ƙirji ko saman ciki, da kuma irin alamomin da muka zana waɗanda suka ƙi jin magani. Shi ne ya kamata ya nemi hoton ƙirji. Likita yana iya ba shi wani farin ruwa ya sha kafin hoton don a ga inda tumbi yake, ko ya zura masa siririn bututu ta hanci, in aka ga bututun ya lanƙwasa ya koma sama cikin ƙirji, magana ta ƙare. Tsofaffin hotuna da katin sallama na wancan haɗari, in suna nan a ƙasan akwati, a tafi da su, domin kwatanta hoton da da na yanzu yana taimakon likita ƙwarai. Katin inshorar lafiya ma a riƙa sabunta shi tun ana lafiya.

In kuwa ciwon ya riga ya tashi gadan-gadan, da amai da sarƙewar numfashi, to kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a yi masa ɗura ta dubura irin wadda maƙwabtanmu ke kira bentuwa, kada a danna masa ciki ko a gasa shi da ruwan zafi, kada kuma a ba shi koko ko ruwa, don mai yiwuwa ne a shiga da shi tiyata a daren. A bar shi a jingine yadda numfashi ya fi masa sauƙi, a kira motar asibiti ta lamba 112 ko a nemi kowace mota, a wuce ƙaramin asibitin unguwa a nufi wanda ake yin fiɗa a cikinsa, ko da tsakar dare ne.